Na Zargi Ƙawata Da Ɓata Mini Binciken Matan Garka

A shekarar da wannan abu ya faru ina ajin ƙarshe a jami'a, ina karatun ilimin halayyar ɗan Adam, wanda a lakwal, wato makaranta, muke kira sikoloji. Ni 'yar Madarumfa ce. Mahaifina masunci ne a bakin tabki har Allah ya yi masa rasuwa, mahaifiyata kuma, wadda muke kira Inna, noman garka take yi da rani, salati da kabeji da tumatir da albasa. Ni ce ta farko a gidanmu da karatu ya kai ta nesa haka, kuma hakan ya hau mini kai fiye da yadda na sani. Ina ganin kaina mai wayo, wadda ba a yi mata rufa-rufa, ina taƙama da cewa da na kalli fuskar mutum na san abin da ke ransa. Na rubuto wa wannan mujalla ne don in faɗi yadda wayon nan ya kai ni ga zaluntar wadda ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri. Ba zan kama sunan kowa ba, saboda duk waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

Kafin a ba ɗalibi takardar kammalawa sai ya rubuta memuwar, wato littafin bincike da zai kare a gaban malamai. Ni ban sha wahalar neman abin da zan bincika ba, don a garkarmu na tashi ina ganinsa. Mata suna fesa maganin ƙwari hannu tsirara, baki da hanci a buɗe, wata ma ta wanke kwalbar maganin ta zuba man gyaɗa a ciki. Malamin gona yakan zo ya jero musu dokoki, su ce to, kafin sati ya zagayo an manta. Sai na tambayi kaina, shin da a cikin labari aka saka dokokin nan, labari mai ban dariya irin wanda mata ke so, ba za su fi riƙe su ba? Malamin da ke duba aikina, dattijo ne mai yawan shiru, ya ce tambaya ce mai kyau, amma ba a amsa ta da zato. Sai an gwada.

Ya zaunar da ni ya tsara mini yadda gwajin zai kasance. Za a sami mata a raba su rukuni biyu, kowace mace rukuni ɗaya kawai za ta shiga. Rukuni na farko a ba su dokoki goma a cikin labari, na biyu a jero musu dokokin goman nan ɗaya bayan ɗaya, da murya ɗaya, a ɗaki ɗaya, a tsawon lokaci ɗaya, don kada a sami wani bambanci tsakaninsu in ba labarin ba. Ya ce ba ni zan zaɓi wadda za ta shiga nan ko can ba, ƙuri'a za a yi, domin in aka bar ni da zaɓi hannuna zai tura masu kaifin ƙwaƙwalwa zuwa rukunin da nake so ya ci, ko ban yi niyya ba. Bayan sati ɗaya a kira kowace mace ita kaɗai a tambaye ta abin da ta tuna. Mai tambayar kuma dole ta zama wadda ba ta san rukunin kowa ba, ba ta kuma taɓa jin labarin ba. Daga ƙarshe ya tambaye ni ko na tabbata matan ba za su riƙa ba juna labarin ba a cikin satin, don in ya tsallaka zuwa rukuni na biyu an daina samun rukuni biyu, an koma ɗaya. Na ce masa garinmu ne, na san matan, zan sa su yi alkawari. Sai ya ce na fi shi sanin garinmu.

Wadda na zaɓa ta yi tambayoyin ƙawata ce 'yar garin Gabi. Shekara uku muna ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, in ɗaya ta kwanta ciwo ɗayar ce ke kwafa mata darasi. Mace ce mai saurin dariya, mai saurin sabo da mutane. Abu guda ne kawai ke tsakaninmu wanda ba mu taɓa buɗe baki a kansa ba. Malam yana da gurbi ɗaya na wadda za ta riƙa taimaka masa a wani babban aiki, ta kuma ci gaba da karatu a ƙarƙashinsa, kuma duk ajin an san tsakanin ni da ita za a zaɓa. Da na roƙe ta ta zo Madarumfa ta taimake ni, nan take ta amsa, ta ajiye nata aikin.

Na riga ta zuwa gida da kusan wata guda. Na yi sati biyu ina gyara labarin a tsakar gidanmu, ina karanta shi da ƙarfi don in ji yadda yake sauka a kunne. Labarin wata mata ne da na sa wa suna Mai Garaje, wadda ta yi feshi tana fuskantar iska har maganin ya dawo mata fuska, ta ci ƙosai ba ta wanke hannu ba, ta bar bokitin magani a buɗe akuyar maƙwabta ta sa baki, haka dai har dokoki goma suka cika. Na sami mata sittin masu garka a bakin tabki. Inna ba ta cikinsu, don Malam ya hana a sa dangi. Muka naɗe takardu muka zuba a ƙwarya, kowace ta ɗauki ɗaya, na rubuta lambarta da rukuninta a wani kaye, wato littafin rubutu, da ba wanda ke buɗe shi sai ni. A wani aji na firamare muka haɗu, lokacin hutu ne. Ranar farko da safe na ba rukuni na farko labarin, suka yi ta dariya har wata tsohuwa tana share hawaye. Washegari da safe na jero wa rukuni na biyu dokokin, wasu na hamma. Dukansu na sa sun yi alkawarin ba za su faɗa wa kowa abin da suka ji ba sai bayan sati. Na koma gida ina ganin aiki ya riga ya gama kansa.

Ƙawata ta iso ana gobe za a fara tambayoyi. Inna ta karɓe ta kamar ɗiyarta, aka sauke ta a ɗakina. Kwana uku aka yi ana tambayoyin. Ita tana cikin aji da mace ɗaya, ni ina waje ƙarƙashin dalbejiya ina kiran lamba. A rana ta biyu, da la'asar muna cin abinci, sai ta fashe da dariya ta ce wai akuyar nan da ta sa baki a bokiti ta ba ta tausayi, sannan ta tambaye ni ko duka matan aka ba labarin Mai Garaje. Lomar da ke hannuna ta tsaya. Wannan labari bai kamata ta san shi ba, kuma ban taɓa faɗa mata ko kalma ɗaya daga cikinsa ba. Na ce mata ta san doka, ba ma maganar rukuni sai an gama. Ta ce haka ne, ta nemi afuwa, ta ci gaba da cin abincinta. Ni kuwa hankalina ya tafi kan jakata da ke rataye a ɗakin da take kwana, inda labarin yake a rubuce, tare da kayen da ke ɗauke da rukunin kowace mace.

Da ta fita alwala na shiga na buɗe jakar. Sai na ga kamar kayen ba haka na ajiye shi ba, kamar an juya shi. Ban tabbata ba, amma na ɗauka na tabbata. Na karya tsinken tsintsiya na sa a tsakanin shafuka don in gane in an sake buɗewa. Washegari na tarar da tsinken a inda na bar shi, sai na ce a raina ai mai wayo ce, ta gani ta mayar. A ranar ƙarshe na bar gindin dalbejiya na koma kusa da taga. Ina jin ta tana dariya da matan, wata ta daɗe da ita, wata ta sallame ta da wuri. Duk wadda ta daɗe sai in duba lambarta, in 'yar rukuni na biyu ce in ce ga shi nan, tana sa mata amsa a baki. In 'yar rukuni na farko ce sai in wuce ban riƙe ba. Da aka gama ta miƙo mini takardun a ɗaure, ta ce akwai abin da ta lura da shi, in na samu lokaci mu zauna. Na ce mata ba sai mun zauna ba, takardu za su yi magana.

Da muka koma jami'a na shigar da makin kowace mace a ordinata, wato kwamfuta. Aikin ba wuya gare shi. Za a fitar da matsakaicin makin kowane rukuni, a duba yadda makin ya warwatsu a cikin kowanne, sannan a yi wani lissafi da ke nuna ko tazarar da ke tsakanin rukunan biyu ta wuce irin wadda sa'a kaɗai kan iya kawowa. Matsakaicin ya fito kusan ɗaya. Lissafin ya ce babu wani bambanci da za a kama. Na sake shigarwa daga farko har sau uku, amsa ɗaya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne rukuni na biyu, masu hamman nan, sun tuna dokokin sosai, fiye da yadda na taɓa ganin mata sun riƙe maganar malamin gona. Maimakon in tsaya in tambayi kaina me ya kawo haka, sai na ɗauko takardun ina neman hannun ƙawata a ciki. Na kuwa samu abin da nake nema. A wasu takardun ta rubuta maki ta soke ta rubuta wanda ya fi shi. Na ware na rukuni na biyu masu irin wannan sukar, guda bakwai, na cire su daga lissafin. Nan take bambanci ya bayyana, rukunin labari ya hau sama. Na zauna ina kallon ordinata, ina cewa na kama ta. Akwai takardu masu suka a rukuni na farko ma, amma ban ƙirga su ba. Kuma ban tsaya na lura cewa duk wanda ya cire masu maki mai yawa daga rukuni ɗaya dole ɗayan ya hau sama ba, ko da an yi maguɗi ko ba a yi ba.

Daga nan komai nata ya zama mini hujja. In na gan ta tsaye da Malam a bakin buro, wato ofishinsa, na ce tana kai sukata. In salularta ta yi ƙara ta fita waje, na ce da ni ake. Da ta ga na rame ta tambaye ni yadda lissafi ya fito, na ce babu bambanci, sai ta ce kada in damu, rashin bambanci ma sakamako ne, Malam ya sha faɗa. Ni kuwa na ji maganar kamar tana yi mini dariya. Na sayi kwaɗo na kulle jakata. Na daina cin abinci da ita, in ce na ƙoshi. Har abubuwan da suka wuce na riƙa tonowa ina sake musu fassara: ranar da ta manta ba ta tashe ni ba na makara jarrabawa, ranar da ta yaba aikina a gaban Malam da wata murya da yanzu nake jin kamar ba ta kai zuci ba. Sau biyu tana zaunar da ni tana tambayar ko ta yi mini wani laifi. Na ce babu komai. Ina kallon fuskarta, ni mai karanta fuska, ina ganin tsoron wadda asirinta ya kusa tonuwa, alhali damuwa ce kawai ta wadda ƙawarta ta juya mata baya ba dalili.

Ranar da na je wurin Malam na tafi da takardun bakwai da lissafi biyu, na kafin a cire su da na bayan an cire. Na faɗa masa ta san labarin da bai kamata ta sani ba, ta buɗe kayena, ta ƙara wa rukuni na biyu maki don aikina ya lalace ta sami gurbin. Ya saurare ni bai katse ni ba, sannan ya sa aka kira ta. Da ta ji abin da ake tuhumarta da shi ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce labarin a bakin matan ta ji shi, kusan kowace ta shigo sai ta ambaci Mai Garaje, shi ya sa ta tambaye ni. Ta ce sukar da ke takardun kuwa, mace ce za ta ce ta gama sannan ta tuno wata doka kafin ta tashi, kuma ƙa'idar da muka yi ita ce a ƙirga. Malam ya juyo gare ni ya tambaye ni ko akwai wata hanya, kowace iri, da labarin zai iya fita. Na ce babu. Na ce matan sun yi alkawari, kuma na san mutanen garinmu. Har rantsuwa na yi. Ƙawata ta dube ni ta ce, “Ke fa kin san ni.” Na kau da kai.

Malam bai yanke cewa ta yi ba, bai kuma wanke ta ba. Ya ce ba shi da hanyar tabbatarwa, a ajiye takardun bakwai gefe, in rubuta a memuwar cewa an sami shakka a kan mai tambaya. Amma shakkar ta isa. Magana ta bazu a aji, aka riƙa nuna ta da baki. Cikin satin ta kwashe kayanta ta koma ɗakin wasu 'yan garinsu. Ta kare nata memuwar a gaban malamai, ba wanda ya je taya ta murna daga cikinmu, ta koma Gabi. Gurbin kuma Malam ya ce ni za a ba in na kare nawa bayan damina. Na sami abin da nake so, kuma na gaya wa kaina gaskiya ce ta yi halinta.

Cikin damina na je gida sunan ɗiyar ƙanwar Inna. Tsakar gida cike da mata, ana ta daka da tankaɗe. Wata yarinya ta ɗauko tukunya da garaje ta kusa kifar da miya, sai wata baƙuwa da ta zo daga Safo, wadda ban taɓa gani ba balle ta shiga bincikena, ta ce mata ta yi a hankali kada ta zama Mai Garaje. Gidan ya ɗauki dariya. Wata ta kawo zancen akuya, wata ta kawo na ƙosai, har da ƙarin da ba ni na rubuta ba. Na matsa kusa da baƙuwar na tambaye ta inda ta ji wannan labari. Ta ce a wurin yayarta mai garka a bakin tabki, ita kuma a wurin Innata ta ji, ai duk garka an san labarin ɗiyar Inna mai karatun jami'a.

Na jira har baƙi suka ragu, na sami Inna tana wanke kwanoni na tambaye ta. Ko ɓoyewa ba ta yi ba, da fara'arta ta ba ni amsa. Ta ce tun ina karanta shi a tsakar gida tana tankaɗe ta haddace shi, kuma tun kafin a yi ƙuri'a take ba mata shi a bakin rijiyar garka in ana ban ruwa, su kuma suna roƙonta ta maimaita. Na ce mata, Inna, ai sirri ne, an yi alkawari. Ta ce waɗanda suka shiga aji ne suka yi alkawari, ita ba wanda ya ce mata komai, kuma su ɗin ma ba wadda ta kwana ba ta faɗa wa 'yar'uwarta ba. Sannan ta ajiye kwanon ta ce, “Maƙwabciyata na feshi da goyo a bayanta, ni na san abin da zai hana ta, sai in yi shiru don takardarki?” Ta tambaye ni ko wani abu ya lalace. Na ce mata a'a. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado. Rukuni na biyu sun ji labarin tun kafin in jero musu dokoki. Hamman da suke yi ma, na abin da suka riga suka sani ne. Tun ranar farko ba ni da rukuni biyu, kuma daga bakina labarin ya fita.

Da na koma na buɗe jakar na fito da takardun sittin. A karo na farko na juya bayansu. Da ƙaramin rubutunta ƙawata ta rubuta a bayan kusan kowace takarda abin da ta lura da shi: wannan ta ambaci akuya, wannan ta ce a garka ta fara jin labarin, wannan ta ce uwar mai binciken ce ta ba su. Abin da ta so mu zauna a kansa ke nan. Wata da watanni takardun suna hannuna, na haddace duk inda ta yi suka a gabansu, ban taɓa duba bayansu ba. Na ƙirga masu suka a rukuni na farko, suka zo kusan daidai da na biyu.

Ba zan yi ƙarya in ce nan take na tashi na gyara ba. Kwana tara na yi ina kokawa da zuciyata. Ba wanda ya sani sai ni. Ranar kare memuwar ta matso, gurbi na jirana, ita kuma ta riga ta tafi. Na riƙa ce wa kaina tonawa ba zai dawo mata da komai ba. Abin da ya karya ni shi ne layin nan da Malam ya sa in rubuta, cewa an sami shakka a kan mai tambaya. Na buɗe shafin don in gyara wani harafi, na karanta shi, na ga cewa littafin zai zauna a ɗakin karatu shekara da shekaru da wannan ƙazafi a ciki, da sa hannuna. Washegari na kai wa Malam takardun a juye.

Ya karanta su ɗaya bayan ɗaya, ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce kuskuren da aka yi a garka kuskure ne da kowane mai bincike kan iya yi, shi ma da laifinsa da ya yarda da alkawari a garin da mata ke ɗibar ruwa a rijiya ɗaya. Amma cire takardu bayan an ga sakamako, da rantsuwa a kan abin da ban bincika ba, wannan nawa ne ni kaɗai. Ya soke ranar kare memuwar, ya janye gurbin, ya tara ajin ya wanke ta a gabana, ni ma na tashi na faɗi abin da na yi da bakina. Shekara guda na ƙara. Na sake gwajin da wasu mata a wasu garuruwa, da sabon labari da ban karanta shi a gaban kowa ba, aka yi tambayoyin a ranar da aka ba da darasin kafin kowa ta koma gida, kuma muka rubuta tun farko irin takardar da za a iya cirewa da dalilinta. Da aka gama aka ba kowa labarin, don maganar Inna ba ta bar kunnena ba. Bambancin da ya fito ɗan kaɗan ne, na rubuta shi yadda yake.

Kafin in fara sabon gwajin na hau moto, wato babur, na tafi Gabi. Lokacin girbi ne, amalanke na ta wucewa da damman hatsi. Na same ta tana koyarwa a wata firamare. Mahaifiyarta ta kawo mini ruwa da fura, tana ta sa mini albarka, alamar ba a gaya mata komai ba, kuma wannan ya fi mini zafi da a ce ta kore ni. Muka zauna a zaure na faɗa mata komai, har tsinken tsintsiya. Ta saurara tana kallon ƙasa. Ta ce saƙon Malam ya iso mata, ya ce gurbin nata ne in tana so, ta kuma ba shi amsa cewa ta gode, ba za ta iya komawa ta zauna cikin mutanen da suka yarda da abin nan a kanta ba. Ta ce ta yafe mini tun tuni saboda Allah. Abin da ta kasa mantawa shi ne shekara uku muna kwano ɗaya, amma ban ga ta kai in yi mata tambaya ɗaya ba, alhali da na ce mata a ina kika ji labarin nan, da a wurin cin abincin nan magana ta ƙare. Ta raka ni har bakin hanya ta tsaya sai da na sami moto. Yanzu mukan gaisa da salla ta salula, gaisuwa mai kyau, gajeriya. Ita ce ta fi ni ƙwazo a ajinmu, kuma ba ta sake komawa karatu ba.

Shekaru sun wuce, yanzu ni ma ina duba aikin ɗalibai. Abin da ya fi ba ni kunya shi ne duk dokokin da aka koya mini, ƙuri'a da ɓoye wa mai tambaya rukuni da hana cire takardu bayan an ga sakamako, an kafa su ne don kare bincike daga son zuciyar mai binciken kansa. Na kiyaye su a kan mata sittin, na kasa kiyaye ko ɗaya a kan ƙawata. Na fara da yanke hukunci, sannan na bi ina tsince abin da ya dace da shi ina zubar da sauran. Ga 'yan'uwana ɗalibai, in sakamako ya ƙi fitowa yadda kuke so, ku fara bincikar aikinku kafin ku binciki mutane, kuma kada ku taɓa takarda ɗaya don lissafi ya yi muku daɗi. Ga sauran masu karatu kuma, ko ba ku taɓa shiga aji ba, zargi yana da daɗin riƙo, yana sa mutum ya ji ya fi kowa gani, kuma duk abin da wanda ake zargi ya yi sai ya zama ƙarin hujja. In zuciyarku ta fara raya muku wani abu a kan wanda kuka daɗe tare, ku je ku tambaye shi tun yana kusa, ku kuma tsaya ku ji amsar. Ni na tambaya daga baya, an kuma yafe mini, amma ita ce ta biya kuskuren da ni na yi.